GUBA BA TA YI WA SA DA SANIYA HUKUNCI ƊAYA



Darasinmu na wannan fitowa a kan magungunan kashe ƙwari ne da sauran gubobin zamani, da yadda suke taɓa namiji daban, su taɓa mace daban, ta hanyar ƙwaƙwalwa. Kada wani ya ce wannan zancen likitoci ne, ya juya shafi. Ni ma ba likita ba ne, ɗan kasuwar shanu ne kamar ku. Asara ce ta sa na bi masana da tambaya har na gane abin da zan gaya muku, kuma da wannan asarar zan fara.

ABIN DA YA SAME NI

Shekarun baya, ƙarshen damina, na ɗauko shanu 34 daga wajen Gaya za ni Paraku. Muka tsallaka gada a Malanbil, muka yada zango kusa da Kandi, ƙasar auduga. Kaska ta yi wa dabbobin yawa, kunnuwa, hantsa, ƙarƙashin wutsiya, ko'ina ita ce. Sai ga wani mutum da gwangwani, ya ce maganin auduga ne amma kaska ba ta kwana in ta ji shi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na kantin likita ba. To, kun san halinmu da araha. Muka dama, muka shafe garken gaba ɗaya, babba da ƙarami, awo ɗaya. Washegari kaska ta zube kamar an karkaɗe tabarma. Na yi ta yabon dabarata.

Rana ta 4 sai manyan bajimai 3, waɗanda su ne ƙarfin jarin nawa, suka daina ci, suka daina tuƙa. Ciki ya kumbura, ga zawo, ga dalala. Alhali shanu mata da dandaƙaƙƙun da muka shafa musu abu ɗaya suna kiwo abinsu. Zuciyata ta tafi ga baki da hassada, don na ce in magani ne, me ya sa ya bar raunana ya kama ƙarfafa? Biyu suka mutu, muka binne, ko fata ba mu ɗauka ba. Na ukun ya tashi amma a rame, na sayar da shi faɗuwa.

Likitan dabbobin da muka kira, mai jin Hausa ne, ya sa aka nemo gwangwanin ya karanta. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ba kowa ya kashe maka shanu ba. Ƙarfin nasu ne ya kashe su." Ban gane ba ran nan. Bayanin wannan magana tasa shi ne darasinmu.

KASHI NA 1: SARKIN ZANGO DA 'YAN AIKENSA

Da yawanmu mun ɗauka sha'anin barbara da haihuwa a mara yake farawa. A ka yake farawa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da likitoci ke kira haifotalamas. Don sauƙi mu kira shi Sarkin Zango. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar ƙwaya a rataye, ba ta wuce ƙwarar gujiya ba, ana ce mata fituwitari. Ita ce Wakili. Sarkin Zango ya ba Wakili umarni, Wakili ya aika wa maraina in namiji ne, ko gidan ƙwai in mace ce. Su kuma su mayar da rahoto sama, watau su ce ya isa haka, ko a ƙaro.

Wannan aike duka ta cikin jini yake tafiya. 'Yan aiken su ne ake kira homon. Ba su da yawa ko kaɗan, abin da ke yawo cikin jinin babban bijimi bai kai ƙwayar gero ba, amma shi ke gina wuya da tozo, shi ke sa faɗa da hawa. Babban ɗan aiken namiji sunansa testostaron, na mace kuwa istirojin. Kowane jinsi yana da duka biyun, sai dai awon ya bambanta.

To, ga inda aka rabu. Sarkin Zangon namiji yana aiki ne kamar ɗigar ruwa daga tulu mai tsaga, kaɗan-kaɗan, dare da rana, shekara duka. Na mace kuwa da lissafin kwana yake tafiya. Saniyar da ba ta da ciki tana zagayowa kamar kowane kwana 21. In lokaci ya yi, istirojin ya hau cikin jini, sai ƙwaƙwalwa ta saki saƙo mai yawa gaba ɗaya, kamar an fasa madatsar ruwa. A daidai nan ne saniya ke tsayawa wa sa, bayan kamar kwana guda kuma ƙwai ya fito. In wannan ambaliya ba ta zo ba, ko ta zo a makare, ba ƙwai, ba ciki, ko da saniya ta yi ƙiba kamar me.

Kun ga ke nan ƙofofin ba iri ɗaya ba ne. Gubar da ta toshe ambaliyar nan ta gama da mace, alhali namiji ba ya dogara da ita. Gubar da ke haɗa baki da testostaron kuwa bijimi za ta fi kayarwa.

KASHI NA 2: TUN CIKIN CIKI AKE RABA HANYA

Tsofaffin makiyaya sun daɗe da sanin wani abu. In saniya ta haifi tagwaye, namiji da mace, macen galibi juya ce. Za ta girma da siffar dandaƙaƙƙen sa, wani lokaci har ta riƙa hawan 'yan uwanta, amma ba ta ɗaukar ciki. Tagwaye ba su da yawa a shanunmu, amma wanda ya daɗe a kara ya taɓa gani. Fiye da 9 cikin 10 na irin waɗannan karsanoni haka suke.

A 1916 wani masani a Amurka, Frank Lillie, ya riƙa karɓo mahaifun shanu daga manyan mahautan Shikago yana dubawa. Ya gano cewa jijiyoyin jinin mabiyiyar tagwayen suna haɗewa tun cikin yana ƙarami, sai 'yan aiken namijin su tsallaka cikin jinin macen, su ɓata mata gini. Ba wanda ya ba ta guba. Saƙo ne na gaskiya, ya shiga gidan da ba nasa ba, a lokacin da ake aza tubali.

Daga baya aka gane abin bai tsaya ga mahaifa ba, har ƙwaƙwalwa yake kaiwa. A 1959 masana a jami'ar Kansas suka nuna cewa in aka ba ƙananan dabbobin gwaji masu ciki testostaron, 'ya'yansu mata sukan tashi da halin maza har ƙarshen rayuwa. An maimaita wannan a kan tumaki, musamman a jami'ar Mishigan. Cikin tunkiya kwana 147 ne ko kusa. In aka ba ta testostaron tsakanin kwana na 30 da na 90, 'yar da za ta haifa takan rasa ambaliyar nan da muka ambata, haihuwarta ta lalace. Uwar kuwa da aka yi wa allurar tana nan garau.

Wannan shi ne ginshiƙin darasin, a riƙe shi da kyau. Abin da ya taɓa babbar dabba sau da yawa yakan wuce in an daina. Abin da ya taɓa ɗan tayi yayin da ake tsara masa ƙwaƙwalwa, ya zauna ke nan. Kuma ba a gani ran haihuwa. Maraƙa za ta fito da ƙafa huɗu da ido biyu, ta sha nono, ta yi tsalle. Sai bayan shekara 3 ko 4, an ci da ita, an sha da ita, sa'an nan a ga ba ta riƙe sa. A lokacin wa zai tuna da gwangwanin da aka dama shekarun baya?

KASHI NA 3: GUBAR DA KE SOJAN GONA

Guba iri biyu ce a wannan sha'ani. Akwai mai kisa a fili, a ga dabba na rawar jiki ta faɗi. Akwai kuma mai sojan gona, wadda siffarta ta yi kama da ta ɗan aike, ta shiga fadar Sarkin Zango da saƙon ƙarya, ko ta tare ɗan aiken gaskiya a hanya. Wani magani ma yana yin duka biyun. Ga misalai huɗu da suka faru a ƙasashen da aka bi diddigi aka rubuta.

Na farko, maganin da ya kashe mini bajimai. Sunansa kulofirifos. A jikin gwangwani za ku ga an rubuta chlorpyrifos, ko chlorpyriphos in na Faransanci ne. Aikinsa shi ne hana jiki share saƙon jijiya bayan an isar da shi, sai jijiyoyi su yi ta harbawa ba tsayawa, shi ya sa dalala da zawo da makyarkyata. A farkon shekarun 1980, a jihar Niyok ta Amurka, wata cibiyar ajiye bajiman iri ta zuba wa bajimanta wani nau'insa mai suna Dursban 44 don kashe ƙwarƙwata. Wasu suka mutu, da yawa suka kwanta, maniyyin saura ya ragu na watanni. Gwajin da aka yi bayan haka ya nuna cewa yawan testostaron cikin jini yana ƙara wa wannan magani ƙarfi a kan sa. An yi gargaɗi a takardarsa kada a zuba wa bijimin da ya wuce wata 8. Daɗin daɗawa, ciwon ba ya fitowa nan take ga bijimi, yakan ɗauki kwanaki, shi ya sa mai dabba ba ya zargin magani. Akwai kuma ɗan uwansa mai suna famfur, wanda aka hana zuba wa bajiman Birahaman. Birahaman kuwa shanu ne masu tozo, asalinsu Indiya, dangin Azawak da Gudali da Bororonmu ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Na biyu ya faɗa wa mata ne. A shekarun 1940, a yammacin Ostareliya, makiyayan tumaki suka shuka wata ciyawa mai suna kuloba don gyara makiyaya. Tumaki suka yi ƙiba, amma haihuwa ta faɗi, a wasu garkunan ko kashi ɗaya cikin uku ba su haihu ba. Ashe ganyen yana ɗauke da wani abu mai kwaikwayon istirojin. Tumakin da suka daɗe suna ci suka zama juya har abada. Dandaƙaƙƙun raguna suka fito da nono, wasu har ana tatsa. Ragunan iri kuwa suka ci gaba da barbara abinsu. Fili ɗaya, ciyawa ɗaya, kowa da abin da ya samu.

Na uku, maganin kashe ciyawa mai suna atarazin, wanda ake fesawa a gonakin masara da dawa. Masana na hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna wajen shekarar 2000 cewa in aka ba ɓeraye mata shi da yawa, yana danne ambaliyar nan ta ƙwaƙwalwa, ƙwai ya ƙi fita a kan lokaci. Ba gidan ƙwai yake fara bugu ba, Sarkin Zango yake toshe wa baki. Tarayyar Turai ta janye masa izini a 2004 saboda yadda yake sauka cikin ruwan ƙasa. Awon da aka ba ɓerayen ya fi abin da saniya za ta samu a kiwon yau da kullum, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya saki garke cikin gonar da aka fesa jiya, ko ya shayar a kududdufin da aka wanke famfon feshi, shi ma ya fita daga awon yau da kullum.

Na huɗu ya fi ba ni tsoro, don ba guba guda ba ce, tarkace ne kaɗan-kaɗan. A Sikotlan, masana na wajen Abadin sun yi shekaru suna kiwon tumaki a filin da aka yi wa taki da tatacciyar najasar birni, mai ɗauke da ɓurɓushin sabulai, robobi da magunguna. Iyayen ba su nuna ciwon komai ba. Amma da aka duba 'ya'yan da ke ciki, sai aka ga saƙonnin haihuwa a ƙwaƙwalwarsu sun ragu, marainan mazan ba su ginu yadda ya kamata ba, 'yan ragunan da aka haifa kuma wasu halayensu sun karkata zuwa na mata. Yanzu sai ku tuna da shanun da muke bari suna kiwo a juji da bakin kwata a gefen manyan garuruwa kafin ranar kasuwa, da tulin ledar da mahauta ke cirowa daga tumbi.

KASHI NA 4: DAGA GARKE ZUWA CIKIN GIDA

Wani zai ce to, asarar dabba ce, a mayar da wata. Ku saurari abin da ya faru a jihar Mishigan ta Amurka. A 1973 aka yi kuskuren buhu a wata masana'anta. Maimakon wani gishirin ƙarin lafiya da ake zubawa cikin abincin shanu, sai aka aika da hodar hana gobara mai suna PBB, aka gauraya, aka rarraba wa gonaki. Madara ta ragu, kofatai suka yi tsawo suka lanƙwashe, shanu suka yi ta ɓari. Ba a gano dalili ba sai 1974. Kafin nan yawancin mutanen jihar sun ci naman, sun sha madarar. Aka kashe shanu kimanin 30,000 da kaji kimanin miliyan ɗaya da rabi aka binne.

Wannan guba cikin kitse take zama, ba ta fita da wuri, kuma tana bin nonon uwa. An rubuta sunayen iyalan manoman, aka yi ta bin lafiyarsu shekara da shekaru. A 2000 aka buga sakamakon cewa 'yan matan da iyayensu mata suka fi ɗaukar gubar, suka kuma sha nono, sun fara al'ada suna da kamar shekara 11 da rabi, alhali sauran sai sun haura 12. Balaga kuwa Sarkin Zango ke buɗe ƙofarta. Da suka girma, ɓari ya fi yawa a cikinsu. 'Ya'ya maza kuma ta wani gefen abin ya ɓullo musu, aka fi samun ƙaba da gwaiwa a cikinsu. Waɗannan yara ba a ma haife su ba ran da aka yi kuskuren buhun.

Shi ma kulofirifos haka. Masana na jami'ar Kolambiya a birnin Niyok sun auna shi a jinin cibiyar jarirai, suka jira har yaran suka kai shekara 7. A 2011 suka bayyana cewa waɗanda suka fi samunsa tun suna ciki sun fi rauni wajen riƙe abu a ka. A 2012 suka ƙara da cewa yara maza abin ya fi bugu. Tarayyar Turai ta hana shi a 2020, a 2025 kuma ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubobin da za a kawar ƙarƙashin yarjejeniyar Istokham, tare da ɗan sassauci na wani lokaci ga wasu ayyuka. Ɗan Adam ba daidai yake da tunkiya ko ɓera a komai ba, amma Sarkin Zango da Wakili da 'yan aike duk yana da su.

Yanzu kowa ya tambayi kansa. In mun dawo daga shafa wa shanu magani, wa ke wanke rigar? Jarkar da ta ƙare, ina take tafiya? Ni da idona na ga an zuba nono a cikin irinta ana tallarsa a tasha.

KASHI NA 5: ABIN YI

1. A ware garke kafin a buɗe magani. Manyan bajimai gefe, dandaƙaƙƙu gefe, masu ciki da masu shayarwa gefe, maruƙa gefe. A gaya wa likita ko mai kanti, ina da bajimai kaza, masu ciki kaza, wanne ya dace da kowa? In bai iya ba da amsa ba, a nemi wani.

2. Maganin gona na gona ne. Na auduga, na wake, na fara, na gara, kada ya hau bayan dabba, ko da kaska na mutuwa da shi. Ƙarfinsa da man da aka dama shi da shi ba don fata aka yi su ba. Haka duk abin da aka ɗura a kwalbar da ba takarda. Araha ba ta ado, ni shaida ne.

3. In ba ka karanta Faransanci ko Turanci, nemi yaro ɗan makaranta ya karanta maka takardar tun daga sama har ƙasa, musamman wurin da aka ce kada. Ba abin kunya ba ne. Kunya ita ce binne bijimi.

4. A bi awo. Murfi ɗaya in an ce ɗaya. Maganar a ƙara kaɗan don ya fi ci ita ke kashe dabba. Kada kuma a haɗa magani biyu a rana ɗaya ba da izinin likita ba.

5. Kada a yi wa dabbar da ta sha tafiya, ko mai ƙishirwa, ko marar lafiya. A bari ta huta, ta sha ruwa, a yi da sanyin safiya ko yamma. Kada a shafa magani yau a loda mota yau, don cikin cunkoso da zafi suna lasar juna, suna shaƙar tururinsa.

6. Bayan magani a sa wa manyan bajimai ido har mako 2. Alamun guba su ne daina tuƙa, kumburin ciki, zawo, dalala, rawar jiki, numfashi da ƙyar, da ƙanƙancewar baƙin ido. In an gani, a wanke dabbar da sabulu da ruwa mai yawa, a kai ta inuwa, a kira likita maza, a nuna masa gwangwanin. Akwai allurar da ke karya irin wannan guba, amma shi ya san awonta. Kada a ɗura mata madara ko mai, suna iya taimaka wa gubar shiga jiki, ko su sarƙe ta.

7. Kowane maganin kirki yana da kwanakin jira kafin yanka da kafin shan nono, a rubuce suke. In ka sayar da dabba cikin waɗannan kwanaki, gaya wa mai saye. Dabbar da guba ta kayar kuwa ba ta mahauta ba ce, ko an samu yanka ta da rai.

8. Saniya mai ciki, musamman a watannin farko da cikin bai fito ba, a nisanta ta da gonar da aka fesa, da juji, da ruwan kwata, da dusa ko masarar da ta yi fumfuna. Akwai fumfunar hatsi da ke fitar da abu mai kwaikwayon istirojin, karsanoni ta fi damu.

9. Mai sayen karsana don iri ya yi tambaya. Ita kaɗai aka haifa, ko tagwaye ce da namiji? Uwarta a ina ta yi kiwo? In akwai shakka, likita na iya dubawa cikin ɗan lokaci. Mai sayarwa kuma ya faɗi gaskiya. Juya tana da kasuwarta wajen masu turka da mahauta, ba sai an cuci mai neman iri ba. Sana'armu a kan amana take tafiya, daga wannan iyaka zuwa waccan ba takarda muke nunawa ba, suna ne.

10. A gida, mace mai ciki ko mai goyo kada ta dama magani, kada ta riƙe dabba ana shafawa, kada ta wanke kayan aikin. Mai shafawa ya sa safar hannu ta roba, ya rufe hanci, ya wanke rigarsa da kansa daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro ko ya sa hannu a akushi. Yara makiyaya ma a ja su baya. Jarka ko gwangwanin da ya ƙare a huda shi, a binne nesa da rijiya da mashaya. Ba a zuba ruwa, nono ko mai a ciki, ko an wanke sau goma.

KAMMALAWA

Da mun saba auna magani da abu guda, watau ya kashe kaska ko bai kashe ba, dabba ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Wannan awo ya gaza. Bijimi na iya faɗuwa bayan kwana 4, mu ce baki ne. Karsana na iya ƙin ciki bayan shekara 4, mu ce rashin sa'a ne. Mu fatake kuwa mun fi kowa hannu a ciki, don dabba takan bi ta hannunmu mako biyu ko uku kawai, mu shafa mata abin da muka shafa, mu karɓi kuɗinmu, sauran labarin a gidan wani zai ƙare, a wata ƙasa. Haka mu ma muke sayen abin da wani ya shafa.

Ni dai bajimai 2 na biya kuɗin wannan karatu. Ku kun same shi a farashin takarda. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a zango, a bakin kara, a cikin mota. Wanda kuma ya taɓa ganin irin haka a garkensa, ya rubuto wa sakataren ƙungiya, ya faɗi irin maganin, da irin dabbar, namiji ko mace, da kwana nawa kafin ciwo ya fito, don mu tara mu kai wa likitocin dabbobi na yankunanmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu a kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.